Ƙarfen Sikhote-Alin: yadda ya faɗo daga sama a 1947, da abin da ya raba shi da ƙarfen maƙera

Wani mai sana'ar walda ne ya yi tambayar. Ya ce ya ga hoton wani baƙin guntun ƙarfe mai lotsa-lotsa, an rubuta cewa daga sama ya faɗo a Rasha a 1947, har ana sayar da shi da tsada, amma shi a idonsa bai fi ƙarfen da aka yanka da gas ba, ko kashin maƙera. Yana son ya san ko da gaske ƙarfe na faɗowa daga sama, in haka ne me ya hana shi ƙonewa a hanya, kuma ta yaya za a bambanta shi da ƙarfen da ake aiki da shi kullum.

Malam, sannu da aiki. Amsar tambayarka ta farko gajera ce: da gaske ne. Wanda ka gani ma yana cikin waɗanda labarinsu ya fi kowanne tabbata, domin da hantsi ya faɗo, a gaban idon ɗaruruwan mutane, kuma masana sun isa wurin tun ramukan suna sababbi. Sauran tambayoyin biyu su ne masu tsawo, kuma amsarsu a sarƙe take, don abin da ke cikin ƙarfen shi ya sa ya faɗo yadda ya faɗo.

Sikhote-Alin sunan jerin tsaunuka ne a can ƙurewar gabashin Rasha, tsakanin iyakar Sin da Tekun Japan, a lokacin ƙasar tana Tarayyar Sobiyet. Ranar 12 ga Fabrairu 1947, da misalin 10:38 na safe, gari tas, ƙasa lulluɓe da dusar ƙanƙara, sai mutanen ƙauyukan yankin suka ga wata dunƙulalliyar wuta ta taso daga arewa, haskenta ya ɗara na rana. Daƙiƙu kaɗan ta yi ta ɓace a bayan tsaunuka. Can sai ƙara ta biyo baya, aka ji ta har nisan kilomita 300. A ƙauyukan da ke kusa ƙofofi sun buɗe da kansu, gilasan taga sun yi ta kaɗawa. A sama kuma aka bar dogon layin hayaƙi na kimanin kilomita 32, wanda ya yi sa'o'i kafin iska ta watsa shi. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, domin a tsakiyar kurmin da babu kowa ya sauka, wajen kilomita 440 arewa maso gabas da birnin Vladivostok.

Wani mai zane, Pyotr Medvedev, yana zaune a garin Iman, wanda yanzu ake kira Dalnerechensk, abin ya ratsa a gabansa, nan take ya zana shi. Wannan zanen ne gwamnatin Sobiyet ta buga a jikin kan sarki na aika wasiƙa a 1957, da aka cika shekara 10. Babu wanda ya ɗauki hoton wutar, saboda haka zanen da bayanan waɗanda suka gani da ido su ne shaida. Da su masanin taurari Vasily Fesenkov ya lissafa inda abin ya fito: ya gangaro a karkace da kusurwa wajen digiri 41, kuma hanyar da yake bi yana zaga rana takan kai shi har yankin manyan duwatsun da ke yawo tsakanin duniyar Mars da Jupiter.

Kwanaki kaɗan bayan faɗowar, matuƙa wani jirgin sama na masu binciken ƙasa suka hango jajayen ramuka a cikin farin dusar ƙanƙara, itatuwa a kakkarye kewaye da su. Masana ƙasa suka isa da ƙafa kafin watan ya ƙare, a watan Afrilu kuma tawagar Cibiyar Kimiyya ta Sobiyet ta zo ƙarƙashin Fesenkov. A cikinta akwai Yevgeny Krinov, wanda ya yi shekaru da dama yana aiki a kan wannan ƙarfe. An yi ta komawa daga 1947 zuwa 1950, aka sake komawa daga 1967. Sun auna kowane rami, sun rubuta inda aka tsinci kowane guntu da nauyinsa. A ganina wannan aikin haƙuri shi ne ainihin darajar Sikhote-Alin, ya fi tsadar da ake sayar da shi nesa ba kusa ba.

Abin da suka tarar ke nan. A fili mai siffar ƙwai, wanda bai wuce murabba'in kilomita 1.3 ba, akwai ramuka fiye da 100. Mafi girma faɗinsa mita 26, zurfinsa mita 6. Wasu itatuwan an tumɓuke su, wasu an tsage su gida biyu, wasu kuma guntayen ƙarfe sun nutse a jikinsu. An tattara dubban guntaye, nauyinsu ya haura tan 23, banda abin da ya saura a ƙasa da wanda masu tsinta suka kwashe daga baya. Manyan sun fi yin nisa, suka taru a ƙarshen filin ta kudu, ƙanana kuwa iska ta riƙe su da wuri suka zube a baya ta arewa. Akwai wani abu da ya kamata ka lura da shi: a cikin manyan ramukan ba a sami babban ƙarfe ba, sai dubban ɓaraguzai. Guntu mafi girma da aka samu ɗungurungum, mai kilo 1,745, wanda yake Mosko yanzu, a wani rami matsakaici aka tono shi. Waɗanda suka fi shi nauyi sun iso da gudun da ya fi ƙarfinsu, suka bugi daskararriyar ƙasa da dutsen da ke ƙarƙashinta suka tarwatse.

To, me ya hana shi ƙonewa?

Gaskiyar magana ya ƙone, amma fatarsa kaɗai. Kafin ya shigo cikin iskar da ta lulluɓe duniya, masana sun kiyasta nauyinsa wajen tan 100. Ƙarfe abu ne mai nauyi, saboda haka dunƙulen bai fi mita 3 zuwa 4 a faɗi ba. Gudunsa kilomita 14 ne a daƙiƙa guda, wato fiye da kilomita 50,000 a sa'a. Ga irin waɗannan abubuwa wannan gudu kaɗan ne: mafi ƙarancin abin da ke yiwuwa kilomita 11 ne a daƙiƙa, mafi yawa kuma ya kai 72. Rashin tsananin gudun na cikin dalilan da suka sa da yawansa ya tsira.

A irin wannan gudu iska ba ta samun damar kaucewa. Sai ta matse a gabansa, matsewar kuma ta haifar da zafin dubban digiri. Bayan ƙarfen ya narke, amma da zarar ya narke iskar ta share shi ta watsar, sabon wuri ya fito, shi ma ya narke a share. Kai ka fi ni sanin wannan a wurin yanka da gas: narkakken yana tafiya da zafinsa, nesa kaɗan da bakin yankan ƙarfen bai yi ja ba. Nan idonka ya yi gaskiya da ka ce ya yi kama da abin da wuta ta lasa. Hayaƙin nan mai kilomita 32 ba wani abu ba ne illa ƙarfen da aka share, ya zama ƙura da ƙananan ɗigo. Daga baya masu bincike sun yi ta jan waɗannan ƙananan ƙwallaye daga ƙasar wurin da maganaɗisu. Dukan wutar kuma daƙiƙu kaɗan ta yi. Ƙarfen da ya yi miliyoyin shekaru a cikin sanyin sararin samaniya, zafin daƙiƙa biyar ba ya ratsa shi. In ka yanka guntu ka duba, wurin da zafi ya taɓa bai wuce 'yan milimita daga baya ba, ciki yana nan yadda yake.

Abin da iska ta fi yi masa shi ne fasa shi. Yana gangarowa iska na ƙara kauri, matsin da ke gabansa na ƙaruwa, bayansa kuwa babu matsi ko kaɗan. Sai ya fara tsagewa tun yana can sama, ya sake fashewa, ya sake, fashewa ta ƙarshe mai girma ta auku yana ƙasa da kilomita 6 daga doron ƙasa. Shi ya sa bai iso a dunƙule ba, ya zubo ne a matsayin ruwan ƙarfe.

Wannan fashewa hawa-hawa ita ta haifar da kamanni iri biyu, kuma duk mai kallon hoton Sikhote-Alin ya kamata ya fara tambayar kansa wanne yake gani.

Na farko su ne waɗanda suka rabu da uwar tun daga sama, suka yi sauran tafiyar su kaɗai cikin wuta. In ka ɗauki ɗaya a tafin hannu, abin da zai fara ba ka mamaki nauyinsa ne, don ya kusa ninka dutse mai girmansa sau uku. Ba shi da kaifi ko ɗaya. Jikinsa cike da lotsa-lotsa masu santsi, kamar an danna babban yatsa a ɗanyen yumɓu an ɗaga, an sake dannawa kusa da shi. Guguwar iska mai zafi ce ta ƙwaƙule su. A kansa akwai siririyar fata baƙa mai ɗan shuɗi-shuɗi, kaurinta bai kai milimita guda ba, wato narkakken ƙarshe da ya daskare lokacin da gudun ya ragu. In ka juya shi a haske, a wasu za ka ga siraran layuka sun taso daga wuri guda sun bazu zuwa gefe, nan ne narkakken ƙarfe ya kwarara. Wasu har leɓe suke da shi a gefen baya, inda ruwan ƙarfen ya naɗe ya tsaya. Irin wannan bai yi ta juyawa a sama ba, fuska guda ya ba iska har ya sauka, kuma da ganinsa za ka nuna gaba ka nuna baya.

Na biyu su ne ɓaraguzan da suka fashe a kusa da ƙasa, ko a lokacin da manyan suka daki dutse. Waɗannan ba su sami lokacin narkewa ba. Yagaggu ne, murɗaɗɗu, masu kaifin da zai iya yanka hannu, ba fata ba lotsawa, irin abin da bam ke bari. Su suka fi yawa a kasuwa, su suka fi araha, su ne kuma suka fi wuyar ganewa da ido.

Yanzu ga tambayar da ni ta fi jan hankalina. Ƙarfe ba abu ne mai saurin fashewa ba. Dunƙulen Hoba da ke Namibiya, wanda aka gano a 1920, nauyinsa wajen tan 60, ɗungurungum yake kwance a inda ya faɗi. Me ya sa na Sikhote-Alin ya wargaje haka? Sai an shiga cikinsa.

In aka auna shi, kashi 93 cikin 100 ƙarfe ne, kashi 5.9 nikel, 0.42 kobal, 0.46 fosforas, 0.28 kuma farar wuta. Akwai wasu sinadarai 'yan mitsi-mitsi waɗanda da su ake gane dangi: a kowane tan guda akwai jamaniyam wajen giram 161, galiyam giram 52, iridiyam kuwa giram 0.03 kacal. Da waɗannan alƙaluma aka sa shi a rukunin da masana ke kira IIAB. Duk ƙarafan wannan rukuni, ko a wace nahiya aka tsince su, daga uwa ɗaya suka fito.

Uwar kuwa wata ƙaramar duniya ce da ta haɗu a farkon halittar rana da duniyoyinta, wajen shekara miliyan 4,567 da suka wuce. A lokacin akwai wani nau'in alminiyam mai fitar da zafi yayin da yake rikiɗa, shi ya narkar da cikinta cikin 'yan miliyoyin shekarun farko. Da ta narke, ƙarfe mai nauyi ya nutse tsakiya ya zama cibiya, dutse mai sauƙi ya taso sama ya rufe shi. Haka tamu duniyar take: cibiyarta ƙarfe da nikel ce, amma tana farawa ne daga zurfin kilomita 2,900, alhali rami mafi zurfi da ɗan'adam ya taɓa haƙawa, na Kola a Rasha, da kaɗan ya wuce kilomita 12. Ba mai zuwa can. Guntun da ka gani a hoto yanki ne na cibiyar wata duniya da karo da 'yan'uwanta ya fasa, kuma irinsa ne kaɗai samfurin cibiya da za mu iya riƙewa a hannu. Masu karatu kan tuna da ayar Suratul Hadidi in an zo nan. Tafsirinta na malamai ne, ni a kan ƙarfen da ke hannu zan tsaya.

Narkakkiyar cibiyar ba a rana ɗaya ta daskare ba. A hankali take daskarewa, kuma sinadaran ba su da hali ɗaya. Iridiyam yana saurin shiga cikin wanda ya fara daskarewa. Fosforas da farar wuta kuwa gudun daskararre suke yi, su yi ta taruwa a ruwan da ya saura. Saboda haka a dangin IIAB, waɗanda suka daskare da wuri iridiyam ɗinsu ya ninka na Sikhote-Alin fiye da sau dubu. Ƙarancinsa a nan na nuna cewa wannan ƙarfe daga ruwan baya-baya ya fito, lokacin da fosforas ya riga ya taru. Fosforas ɗin ya haɗu da ƙarfe da nikel ya zama wani ma'adini mai ƙyalli da ake kira shiraibasait, mai tauri amma mai saurin karyewa. Farar wutar kuma ta zama dunƙule-dunƙulen tiroyilait masu launin tagulla. Shiraibasait ya shimfiɗu a tsakanin manyan ƙwayoyin ƙarfen, a daidai inda suka haɗu da juna. Da iska ta matsa masa a 1947, ta waɗannan mahaɗai ya tsage. Raunin da ya sa ya zubo a wargaje an gina shi a jikinsa tun shekara biliyan huɗu da rabi.

Su kansu ƙwayoyin labari ne. Lokacin da ƙarfen ke da zafi ƙwarai, shi da nikel a gauraye suke a tsari guda da ake kira tenait. Da sanyi ya fara kama shi, sai wani tsari mai ƙarancin nikel, kamasait, ya fara tsirowa a ciki falle-falle, ta fuskoki huɗu. Kafin fallen ya yi kauri dole nikel ya ja jiki ya fita daga cikinsa, alhali ƙarfen a daskare yake, tafiyar da ke cin miliyoyin shekaru. Hakan ya yiwu ne domin bargon dutse ya rufe cibiyar, sanyinta bai wuce 'yan digiri zuwa ɗaruruwa ba a kowace shekara miliyan. In aka yanka ƙarfen sama, aka goge fuskar ta yi sumul, aka shafa mata asid mai rauni, sai ka ga zanen layuka masu giciye da juna ya fito. Sunan Alois von Widmanstätten aka sa masa, wanda ya lura da shi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1808. Babu masana'antar da za ta iya ƙera wannan zane, don babu mai miliyoyin shekarun jira.

Sai dai a nan Sikhote-Alin yana da nasa halin. Iyakar ƙarancin nikel da jinkirin sanyi, iyakar faɗin fallen. A ƙarfen Gibeon na Namibiya, mai nikel wajen kashi 8, faɗin kowane falle kamar sulusin milimita ne, shi ya sa zanensa ke fitowa sarai ko a kan zobe. A Sikhote-Alin faɗin ya kai milimita 9 a tsaka-tsaki. Ƙaramin guntu zai iya kasancewa ƙwaya ɗaya ko biyu ne gaba ɗayansa, in ka shafa asid ba za ka ga zanen giciye ba, sai a babban yanki. Abin da za ka gani a ƙarami wasu siraran layuka ne miƙaƙƙu, jere da juna, da ake kira layukan Neumann. Tabon bugu ne, daga karon da ya sha a sama ko a ƙasa. Na faɗi wannan ne don mutane da yawa sun haddace cewa duk ƙarfen sama sai ya nuna zanen giciye, su yi watsi da na gaske don bai nuna ba.

Abin da ya sa wannan faɗowa ta yi suna haka shi ne ƙarancin irinta. A cikin duwatsun sama 100 da aka ga faɗowarsu, wajen 5 ne kawai na ƙarfe, sauran dutse ne. Manyan ƙarafan da aka sani, su Hoba da Campo del Cielo na Ajantina da Cape York na Girinlan, duk sun faɗo ne tun kafin a sami mai rubutawa. Ramin Barringer da ke Arizona a Amurka, mai faɗin kilomita 1.2, ƙarfe ne ya haƙa shi wajen shekara 50,000 da suka wuce, amma saboda girmansa iska ba ta iya rage masa gudu ba, mafi yawansa ya narke ya watse a bugun. Sikhote-Alin a tsakiya yake: ya isa ya haƙa ramuka, bai kai ya hallaka kansa ba. Shi ne mafi girman ruwan ƙarfe da aka gani da ido aka rubuta.

Sai batun bambancewa, wanda na san shi ya fi damunka.

Maganaɗisu kaɗai ba ya raba gardama. Yana kama ƙarfen sama, yana kama guntun tsohuwar garma, yana kama wasu duwatsun tama. A ƙasarmu abin da aka fi kawowa da sunan ƙarfen sama shi ne kashin da ya rage a tsoffin wuraren narka tama, waɗanda ke ko'ina a ƙasar Hausa tun ɗaruruwan shekaru, sai dunƙulen marmara mai nauyi, sai ɓaraguzan injuna. Shi kashin, duba shi da kyau: yana da ƙofofi na kumfar iska, wani wurin yana ƙyalli irin na kwalba, in ka buga shi da guduma ya farfashe, kuma bai kai ƙarfe nauyi ba. Ƙarfen sama ba ya da kumfa a ciki ko ɗaya, domin a hankali ya daskare a ƙarƙashin nauyin dutse. Lotsawarsa a fata take, ba ta ratsa ciki. Gatarin aradu da tsofaffi ke ajiyewa shi ma ba daga sama yake ba, dutse ne da mutanen dā suka wasa suka yi aiki da shi.

Gwajin farko da za ka iya yi a shagonka shi ne ka sa magagari a wani ɗan lungu ka goge. Ƙarfen sama zai nuna farin ƙarfe mai ƙyalli, cikakke. In ja ko baƙin gari ya fito, tama ce. In farin ƙarfe ya fito, to saura nikel. Ƙarfen sama kusan kullum nikel ɗinsa ya kai kashi 5 ko fiye, baƙin ƙarfen gini kuwa kusan babu shi a ciki. Ko nikel ɗin ma bai isa hujja shi kaɗai ba, tunda ƙarfen da ba ya tsatsa yana da shi. Amma shi wannan cike yake da kuromiyam, ƙarfen masana'anta kuma ana zuba masa manganis, ƙarfen sama kuwa duka biyun kusan babu su a jikinsa. Na'urar auna sinadarai ta hannu, irin wadda masu harkar ma'adinai ke amfani da ita, cikin daƙiƙu take nuna wannan. Hukunci na ƙarshe na ɗakin gwaji ne, inda ake auna galiyam da jamaniyam da iridiyam.

In kana tunanin ko zai ƙeru, to Sikhote-Alin ba abokin aikin maƙeri ba ne. Fosforas ɗinsa ya ninka abin da ake yarda da shi a ƙarfen gini wajen sau goma, shi ke sa ƙarfe ya karye a sanyi, farar wuta kuma ita ke sa ya tsage da zafi. In ka sa shi a wuta ya yi ja, zanen cikinsa na miliyoyin shekaru ya tafi, ba ya dawowa. Mutanen dā sun yi aiki da wasu ƙarafan sama: Inuwit na Girinlan sun riƙa ɓantarar Cape York suna bugawa a sanyi suna yin bakin wuƙa da mashi, mutanen Nama na Namibiya sun yi makamai da Gibeon, wuƙar da aka samu a kabarin Fir'auna Tutankamun ma binciken 2016 ya nuna ƙarfen sama ce, nikel ɗinta wajen kashi 11. Amma a wurin waɗancan ƙarfe abu ne mai wuyar samu. Kai kana da shi tuli a shago, babu dalilin ɓata wanda ba a samun madadinsa.

Game da tsadar da ka gani: bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 masu tsinta sun shiga kurmin da na'urorin neman ƙarfe, suka cika kasuwannin duniya da shi, ko da yake wurin yana cikin wuraren da doka ta kare. Waɗanda aka tsinta a makare sun yi shekaru a danshi, sun yi tsatsa, sai a goge su da burushin waya a shafa mai, fatar asali ta tafi. Mai lotsawa da cikakkiyar fata da layukan kwarara shi ya fi tsada. Jabu kuma suna nan, musamman a cikin ɓaraguzai, don kowane yagaggen ƙarfe zai iya shiga sahu a hoto. Kada ka sayi abin da ba a nuna maka asalinsa da sakamakon gwajinsa ba.

Kuma kada ka ɗauka abin na ƙasashen nesa ne kaɗai. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito. Shi dutse ne, ba ƙarfe ba. Na ƙarfe kuwa, mai fiye da kilo 100, ya faɗo a Udei a ƙasar Binuwai a 1927. Saboda haka in wata rana aka kawo maka wani abu mai nauyin da ya wuce kima, mai lotsawa, marar ƙofofi, kada ka sa masa wuta, kada ka tsoma shi a ruwan batir, kada ka goge bayansa in ban da ɗan lungun gwaji. Ka tambayi ainihin wurin da aka tsince shi da ranar, ka rubuta, ka ɗauki hotonsa a yadda yake, ka ajiye shi inda babu danshi. Sannan ka kai shi sashen ilimin ƙasa na jami'a mafi kusa da kai, ko Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya. Ba sai an lalata shi ba. Don a yi masa rajista a kundin duniya, giram 20 ake yanka a ajiye a wata cibiyar bincike, ko kashi 20 cikin 100 na nauyinsa in ƙarami ne, sannan a sa masa sunan gari ko wurin da ya fi kusa da inda ya faɗo.